Jiƙo ko Dafawa: Wanne Ya Dace da Abin da Za Ki Shafa wa Fatarki?

Duk mai haɗa kayan gyaran fata a gida, sabulu take yi ko man shafawa ko ruwan wanke fuska, sai ta tsaya gaban tambaya ɗaya: wannan ganye ko saiwa da ke hannuna, jiƙawa zan yi ko dafawa? Da yawa ba sa ma yin tambayar. Abin da ya shigo hannu, ganye ne, fure ne, sassaƙe ne, sai a watsa a tukunya a bar shi ya yi ta ɓararraka har ruwan ya yi duhu, a ce ai magani ya fito. Wannan tunani na cewa duhun ruwa shi ne ƙarfinsa ya lalata wa mutane aiki mai yawa, domin akwai tsirran da amfaninsu ya riga ya bi tururi ya tafi tun kafin ruwan ya canza launi, akwai kuma waɗanda duhun nasu alama ce ta cewa ruwan ya fi ƙarfin fatar fuska.

Jiƙo shi ne a tafasa ruwa shi kaɗai, a sauke, a zuba a kan tsiron, a rufe, a bar shi ya tsimu minti 10 zuwa 20, sannan a tace. Tsiron bai taɓa hawa wuta ba. Akwai kuma jiƙon ruwan sanyi, wanda ake bari awa 6 zuwa 8 ko ya kwana. Dafawa kuwa, tsiron da ruwan sanyi ake ɗorawa tare, idan ya tafasa a rage wuta ya riƙa dahuwa a hankali minti 20 zuwa 45, ruwan ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ko makamancin haka. Awon da aka saba da shi a duka biyun kusan ɗaya ne: giram 5 na busasshen tsiro ga mililita 100 na ruwa. In ɗanye ne a ninka shi biyu ko uku, saboda mafi yawan nauyin ɗanyen ganye ruwa ne. Mai dafawa ta tuna da raguwar ruwa: in rabin lita take nema a ƙarshe, ta fara da kusan mililita 750.

Abin da ke raba su na farko shi ne taurin tsiron. Ganye da fure jikinsu laushi ne da shi, ruwan zafi na ratsa su cikin 'yan mintoci. Saiwa, sassaƙe, ɓawo da 'ya'yan itace masu tauri ba haka suke ba. Ki zuba wa sassaƙe ruwan zafi ki dawo bayan minti 15, ruwan zai ɗan yi launi, amma abin da kike nema yana nan kulle a ciki. Sai an daddaka shi, an ɗora a wuta, zafi ya daɗe yana aiki a kansa. Wannan ƙa'idar, laushi a jiƙa, tauri a dafa, ita ce ta farko, kuma tana warware mafi yawan matsala. Sai dai ba ta isa ba, domin bayan taurin tsiro akwai tambayar da ta fi ta muhimmanci: me kike so ya fito daga cikinsa?

In ƙamshi ne da man da ke ɗauke da ƙamshin, to dafawa asara ce. Na'ana'a, furen wardi, kamomil, labanda, rozmeri, duk ƙamshinsu yana tattare da wani mai mara nauyi da ke tashi tare da tururi. Idan ɗaki ya cika da ƙamshin na'ana'a alhali tukunya na kan wuta a buɗe, abin da ya kamata ya zauna a ruwan ne ke yawo a iska. Shi ya sa murfi ba ado ba ne a wajen jiƙo. A rufe da zarar an zuba ruwan, kuma idan an buɗe, ɗigon da ya taru a cikin murfin a karkaɗe shi ya koma ciki, don a nan ƙamshin ya fi taruwa. Koren shayi ma yana wannan layi, ko da ba don ƙamshi ba: sinadaran da ake nemansa dominsu suna lalacewa da doguwar wuta da iska, shi ya sa ake barin ruwan ya ɗan huce zuwa digiri 80 a ma'aunin Celsius kafin a zuba masa. Da kin ga jiƙonsa ya tashi daga kore-kore ya koma ruwan ƙasa, ya soma gajiya.

Zoborodo ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane na son jan launinsa a ruwan fesa fuska da ruwan ɗauraye gashi. Jan nan ba ya jure doguwar dahuwa, yakan dushe ya koma jaja-jaja mai duhu, don haka jiƙo ya fi masa. Amma akwai abin lura: ruwan zoborodo mai kauri tsami gare shi sosai, a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, yakan sauka ƙasa da 3, ita kuwa fatar mutum tana zaune ne tsakanin 4.5 da 5.5. Wadda ta yi masa jiƙo mai kauri ta fesa a fuska kai tsaye za ta iya jin raɗaɗi, musamman in fatar tana da tsagewa ko ƙuraje. A sirka shi da ruwa sosai. Takardar gwajin pH ƙaramar aba ce, amma ina ganin bai kamata mai wannan aiki ta rasa ta ba.

In kuma yauƙi kike nema, wato wannan santsi da ke kwantar da busasshiyar fata ya kuma warware gashi, ruwan sanyi ne abokin aikinki. Hulba ita ce misali mafi sauƙi: a jiƙa 'ya'yanta su kwana, da safe ruwan ya yi yauƙi. 'Ya'yan hulba tauri gare su, bisa ƙa'idar farko dafa su ya kamata a yi, amma dafawar na fito da ɗaci da wari mai ƙarfi da ke maƙale wa jiki, alhali yauƙin na fita a ruwan sanyi ba tare da wannan wahalar ba. Garin ganyen magarya ma ba ya bukatar wuta. A dama shi da ruwan ɗumi, a kaɗa, kumfarsa mai wanki za ta taso. Matsalar jiƙon sanyi ɗaya ce, kuma babba ce: babu zafin da ya kashe ko ƙwayar cuta ɗaya a cikinsa. A jiƙa shi a firij in akwai hali, a yi amfani da shi a ranar da aka tace.

To ina wurin dafawa? Wurinta shi ne inda ake neman bauri. Bagaruwa, ɓawon rumman, sassaƙen itatuwa da dama, cike suke da sinadarin tanin, wanda ke tsuke fata ya rage maiƙo na ɗan lokaci. Tanin na fita sosai da doguwar wuta, kuma shi ne ke ba ruwan wannan duhun da ake yabawa. Ruwan dafaffiyar bagaruwa yana da kyau wajen tsoma ƙafa mai yawan zufa, ko goge wurin da maiƙo ya yi yawa. Amma a ra'ayina ba abin shafa wa fuska kullum ba ne. Wadda ke da busasshiyar fata in ta lazimce shi za ta wayi gari fuskarta ta ɗaure, tana gautsi, tana ɓare-ɓare, sai ta ɗauka wata cuta ce ta same ta, alhali ruwan ne ya yi mata ƙarfi. Ko mai maiƙon fuska, sau biyu ko uku a mako ya ishe ta, kuma a sirke.

Ganyaye masu kauri irin na gwaiba da darbejiya suna tsaka-tsaki. Jiƙo na yi musu in an busar an murmushe su, in kuma ɗanyu ne ɗan tafasawa na minti 5 zuwa 10 a rufe ya wadatar. Babu dalilin barin su awa guda a wuta.

Waɗanda suka fi rikita mutane su ne masu tauri kuma masu ƙamshi: kanumfari, citta, kirfa. Taurinsu na neman wuta, ƙamshinsu na gudun ta. Mafita ita ce a daddaka su, a dafa a wuta 'yar kaɗan da murfi a rufe ruf, minti 10 zuwa 15, ko a zuba su a fulas da tafasasshen ruwa a bar su awa biyu. Amma ina so in ja kunne a kan biyu daga cikinsu. Kanumfari na ɗauke da yujinol, kirfa na ɗauke da sinamal, kuma dukansu suna cikin sinadaran ƙamshi da dokar Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta sunansu a jikin kayan shafa idan sun wuce wani ƙaramin adadi, saboda yadda suke tayar wa wasu mutane da ƙaiƙayi da kumburi. Zafin da ake ji idan an shafa ruwan kirfa mai kauri ba alamar yana aiki ba ne, fatar ce ke kuka. Ga mai duhun fata abin ya fi ciwo, domin duk inda fata ta ƙone ko ta kumbura, baƙin tabo ne ke biyo baya, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya dushe. Haka ɓawon lemun tsami da ruwansa: akwai sinadarai a cikinsu da idan suka zauna a fata rana ta doke su, sukan ƙona wurin har ya tashi. Ba na ganin hikimar saka su a abin da za a shafa a fita da shi.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, wadda kuma aka fi sakaci da ita. Jiƙo da dafawa duka ruwa ne mai ɗauke da sukari da sitaci da ɗan furotin na tsiro, wato abincin ƙwayoyin cuta da funfuna. Ki ɗauke su kamar madarar da aka buɗe. Jiƙo a firij kwana ɗaya ne zuwa biyu. Dafaffe yakan kai kwana uku, saboda doguwar wuta ta kashe ƙwayoyi da yawa. Wannan shi ne ɗan fifikon da dafawa ke da shi, amma kada a dogara da shi fiye da kima. Akwai ƙwayoyin da ke dunƙulewa su jure tafasa, su farfaɗo idan ruwa ya huce, kuma dafaffen ruwa ya fi jiƙo kauri da abinci, don haka da zarar cokali ko yatsa ya shigar masa da wani abu, lalacewarsa ba ta da wuya. A wuri mai ɗumi wasu ƙwayoyin na ninka yawansu duk minti 20. Ba sai ruwan ya yi wari ko ya yi yana ba. Yana iya zama garau a ido alhali ya cika da su, kuma daga cikin masu son zama a irin wannan ruwa akwai masu yi wa ido mummunan lahani. Ruwan fesa fuska da aka haɗa aka ajiye a jaka mako biyu yana ba ni tsoro ƙwarai.

Hanya mafi sauƙi ga mai yi wa kanta ita ce ta yi kaɗan, abin da za ta ƙarar yau da gobe, ko ta zuba sauran a mazubin ƙanƙara ta daskarar, kullum ta ciri ɗaya. A nan jiƙo ya fi dacewa da rayuwa: minti 20 an gama, babu zaman gadin tukunya, don haka yin sabo kullum ba wahala ba ne. Dafawa na cin lokaci da makamashi, shi ya sa ake jarabtuwa a yi da yawa a ajiye, kuma daga nan matsalar ke farawa. In za a dafa, a dafa da niyyar daskararwa.

Mai haɗa man shafawa irin mai ruwa-ruwa, wanda ake gauraya ruwa da mai, ita ce ke cikin haɗari mafi girma, domin kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na irin wannan man ruwa ne. In ta maye gurbin ruwan duka da jiƙo ko dafaffe, ba tare da sinadarin hana lalacewa ba, man ba zai wuce 'yan kwanaki ba ko da a firij. Bitamin E ba ya wannan aikin, shi mai yake karewa daga yin ɗoyi, ba ya kashe ƙwayar cuta. Zuma da man ƙamshi a ɗan adadin da ake sakawa su ma ba sa yi. Ana bukatar sinadari na ainihi, kamar fenoksi'etanol, wanda dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 1 cikin 100, ko sodiyam benzowet da fotasiyam sobet, waɗanda ba sa aiki sai haɗin yana da ɗan tsami, pH ɗinsa bai wuce 5 ba. Ko da sinadarin, ruwan tsiro na ɗora masa nauyi, don haka ya fi kyau ya zama wani ɓangare ne kawai na ruwan haɗin, saura kuma ruwa zalla. A nan ma jiƙo mara kauri, wanda aka tace sau biyu har ya yi garau, ya fi dafaffe. Dafaffe na rina man ya koma ruwan ƙasa, ƙurar da ke kwanciya a ƙasansa na zama mafarin funfuna, baurinsa kuma na iya sa haɗin ya tsinke, ruwa gefe mai gefe.

A sabulu lissafin ya juya. Sodar haɗa sabulu ba ta barin komai yadda ta same shi. Idan ta haɗu da ruwa zafi kan tashi ya kusan kai na tafasa, kuma ƙarfinta na cinye launi da ƙamshin yawancin tsirrai. Jan zoborodo ba ya tsira, koren shayi ruwan ƙasa yake komawa, ƙamshin wardi kuwa ko alamarsa ba za a ji ba. Saboda haka ba na ganin amfanin ɓata fure mai daraja a sabulu. In ana son saka ruwan tsiro, dafaffe mai kauri ya fi barin wani abu a baya, ko da launi ne. A daskarar da shi tukuna don kada sodar ta ƙona shi, a riƙa barbaɗa sodar a kan ƙanƙarar kaɗan-kaɗan. Soda ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma da safar hannu da tabarau.

Akwai tsirran da ruwa, mai zafi ko mai sanyi, ba shi ne hanyarsu ba. Kurkum ne kan gaba. Sinadarin da ke ba shi launin rawaya kusan ba ya narkewa a ruwa, duk daɗewar da zai yi a wuta, amma yana fita a mai. Irin waɗannan a mai ake tsima su: busasshen tsiro a kwalba, a zuba mai ya sha kansa, a rufe a ajiye inda babu rana mako 4 zuwa 6 ana girgizawa, ko a ɗora kwalbar cikin ruwan ɗumi da bai wuce digiri 50 zuwa 60 ba na awa biyu zuwa huɗu. Sharaɗin shi ne tsiron ya bushe ƙarau, domin ɗigon ruwa kaɗan a cikin man ya isa ya jawo funfuna. Man da aka tsima haka yakan yi wata 6 zuwa shekara, gwargwadon irin man. Wadda ba ta da firij mai tsayayyar wuta, kuma ba ta son mu'amala da sinadarin hana lalacewa, gaskiya wannan hanya ta uku ta fi mata jiƙo da dafawa duka, in dai abin ajiyewa take son yi.

Idan haɗin ya ƙunshi mai tauri da mai laushi, ba sai an zaɓi ɗaya ba. A fara dafa saiwa da sassaƙe har su gama, a sauke tukunyar, a zuba ganye da fure, a rufe minti 15, a tace gaba ɗaya. Tukunya ɗaya, kowane ya samu irin zafin da ya dace da shi.

Tukunyar ma tana da ta cewa, musamman ga mai dafawa, tunda tsiron ya fi daɗewa a cikinta. Tanin idan ya haɗu da baƙin ƙarfe baƙi yake komawa, da wannan haɗin ne ma aka yi ɗaruruwan shekaru ana yin tawadar rubutu. Ki dafa bagaruwa a tukunyar ƙarfe mai tsatsa, ruwan zai fito baƙi ƙirin, ya ɓata tufafi da farce. Alminiyam kuma ba ya shiri da abu mai tsami. Ƙarfe mara tsatsa, gilashi mai jure zafi, ko tukunyar da aka shafe cikinta da tangaran, su ne zaɓi. Ruwa ya kasance tatacce mai tsabta, kwalbar ajiya a tafasa ta a bar ta ta bushe, ƙyallen tata kuma ya zama na wannan aiki kaɗai.

In za a bar ni in zaɓa wa mai farawa, zan ce abin da zai zauna a fuska ya zama jiƙo mara kauri, sabo, na tsiro ɗaya tak, domin in fata ta ƙi shi a san wanda ta ƙi. Dafaffe a bar wa ƙafa, gashi, ruwan wanka da sabulu, wato inda fata ta fi kauri ko inda za a ɗauraye. Kuma ko wanne aka yi, a gwada kafin a kai fuska, domin ko kamomil da ake yaba wa sanyi yana tayar wa wasu da ƙaiƙayi. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka na ba da shawarar a shafa sabon abu a ɗan wuri a cikin dantse ko lanƙwasar gwiwar hannu, sau biyu a rana, kwana 7 zuwa 10, domin wani borin ba ya nunawa a ranar farko. Tunda ruwan ba zai kai waɗannan kwanaki a firij ba, daga na ƙanƙara za a riƙa cira ana gwajin. In wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi ko ya tashi, a wanke a bar shi. Fatar jariri, buɗaɗɗen ciwo da kewayen ido kuwa ba wurin gwaji ba ne, kuma ƙurajen da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa ko kyasbin da ke yaɗuwa likitan fata ya kamata ya duba su kafin a ɗora musu wani ruwa.